Mutum Biyu a Matoya Ɗaya

Ranar wata Alhamis a ƙarshen Nuwamba aka binne Jasib Muhaisin a babbar makabartar Najaf, shekara talatin da 'yan kai bayan rasuwarsa. Matarsa Hashmiya ta halarta a kan kujerar roba. Ɗansa Lafta ne ya shiga kabarin ya karɓi likkafanin, wanda bai kai nauyin jariri ba. Likitar ƙashi da ta duba abin da ke ciki kafin a naɗe ta ce a ganinta mamacin ya girmi Jasib da shekara dubu huɗu. Lafta ya san da wannan magana. Mahaifiyarsa ba ta sani ba.

Jasib mai shafa wa kwale-kwale kwalta ne a wani ƙauyen bakin fadama, gabas da Shatra. Ya mutu a watan Maris na 1991, lokacin boren da mutanen kudu suka yi wa gwamnatin Bagadaza, da harsashin igwa ya faɗo kusa da tukunyar kwaltarsa. Mutanen yankin ba sa binne babba a gida. Najaf ake kai shi, ko da sai an rabu da baunar da ake tatsa. Amma a wancan makon hanyar Najaf ba ta biyuwa. In haka ta faru akwai abin da ake yi: a binne mamacin a kusa, a gaya wa ƙasa da baki cewa amana ce aka ba ta, za a dawo a karɓa. Tsofaffi sun yi imani ƙasa ba ta taɓa irin wannan ajiya har mai ita ya zo.

Lafta na da shekara goma sha bakwai a lokacin. Shi da kawunsa suka naɗe gawar a tabarmar kara, don babu likkafani, suka ɗaure da shuɗiyar igiyar roba ta kwale-kwale, suka tuƙa zuwa Ummul Fahar, ƙaramin tudun da ke gefen babban kufai, inda ruwa ba ya kaiwa. Babu lokacin haƙa. Suka tarar da wani zagayayyen rami da ruwan sama ya buɗe, bangonsa ja kamar an gasa. Ramin bai kai tsawon Jasib ba, sai suka lanƙwasa masa gwiwoyi suka kwantar da shi a kan damansa. Kawun ya faɗa wa ƙasa abin da ake faɗa. Lafta ya riƙe alama ɗaya a kansa: rami mai jan bango.

Bayan 'yan kwanaki suka tsallaka Iran da sauran 'yan ƙauyen. Kawun ya mutu a sansani. Da suka dawo a 2003 fadamar ta bushe, tudun kuma ya zama kamar fuskar mai zanzana. Ɓarayin kayan tarihi sun bi shi rami bayan rami, sun watsar da ƙasar wannan cikin wancan. Lafta ya yi shekaru yana zuwa da shebur ranar Juma'a, mai gadi yana korarsa. Saboda haka da masu tonon kayan tarihi suka zo, wasu daga Bagadaza wasu daga Turai, suna neman ma'aikata, ya ajiye aikin gini ya karɓi diga.

A makonsa na biyu digarsa ta buɗe jan bango. Ya saki digar, ya zauna a ƙasa. Aka kwashe ramin har ƙasansa, toka ce kawai. Bayan kwana kaɗan aka buɗe wani a gefensa, sannan wani. Zuwa shekara ta uku an ƙirga irin waɗannan jajayen ramuka, wato matoyar tukwane ta mutanen da, sama da arba'in, kuma na'urar da ake turawa a kan tudun ta nuna akwai wasu da yawa a ƙasa.

Shugaban aikin, wani Bature mai Larabcin littafi, murna ta cika shi. Ya tara ma'aikata ya ce wannan unguwar masu sana'a ce ta tsohon birnin. Maginan tukwane, maƙera da masu dafa kwalta, an tura su bayan ganuwa saboda hayaƙi da wari. Abin da ke fitowa ya gaskata shi: kwanonin yumɓu da wuta ta yi wa yawa suka narke suka manne da juna, mazubin 'yan tsana na ƙasa, duwatsun da ake ɗaura wa komar kamun kifi, da faifan kwalta masu ɗauke da shatin tabarmar da aka zuba su a kai. Ko ƙwayar zinariya babu.

Mozan, mai tura baro, mijin ƙanwar matar Lafta, ya ɗaga wani fasasshen kwano ya juya shi.

Ya ce, "Ka gani ko, Abu Nawras?" Haka ake kiran Lafta, da sunan babban ɗansa. "Danginmu ne. Shekara dubu huɗu, abin da suka bar mana ke nan. Masu zinariya suna can babban tudu, mu muna nan bayan gari muna shan hayaƙi."

"Tura baronka."

"Ina turawa. Kai dai duk jan rami ka gani sai ka yi masa sallama. Jiya na ji ka."

Lafta bai musa ba. Gaskiya ne.

A gida Hashmiya tana ƙarewa. Likitan Nasiriyya ya duba ƙodarta ya ce su kai ta gida su ba ta abin da take so. Ba ta son komai. Idonta ya kusa tafiya, tana gane ɗanta da ƙarar takalminsa. Kullum da safe in ya kawo mata shayi da gurasar shinkafa sai ta ture gurasar.

"Yau ma kasko za ka je ka tono wa Turawa?"

"Ki ci ko kaɗan, Yumma," ya ce, wato Inna a bakinsu.

"Ni ba zan je Najaf ni kaɗai ba, ka ji na gaya maka. In na isa aka ce ina mijinki, me zan ce? Na baro shi cikin tukwane?"

"Ana nema."

"Ana nema. Ubanka yana kwance yana jiranka yadda kuka ajiye shi, ko gashinsa bai zube ba. Ƙasa ta cika nata alkawarin. Ku ne ba ku cika naku ba."

Haka take faɗa tun suna Iran. Lafta ya ga abin da ƙasar Ummul Fahar ke yi wa abu. Ya ga gishiri ya cinye bakin shebur da aka manta a rami daga wannan shekara zuwa waccan. Bai taɓa gaya mata ba.

A tsakiyar watan Nuwamba aka sa rukuninsu kwashe wani tsohon ramin ɓarayi da ya ratsa tsakiyar wata matoya a arewacin tudun. Aiki ne da ba wanda ke so, don ƙasar a cakuɗe take, masana ba sa samun komai a cikinta. Lafta na sara, Mozan na kai ƙasa wurin rariya. Da hantsi ya ji Mozan yana ɗaga murya.

"Daktora! Zo ki ga abin mamaki. Ashe mutanen da ma sun san roba!"

Ma'aikata suka yi dariya. Mozan na riƙe da guntuwar igiya da ba ta kai kamu ɗaya ba, shuɗinta ya koɗe, da ƙulli a tsakiya. Lafta ya fito daga ramin, ya karɓa, ya duba ƙullin. Irin wanda ake ɗaure kwale-kwale da shi ne a bakin ruwa. Dariyar ta tsaya tun daga na kusa har na nesa. Mozan ya cire ƙyallen kansa ya goge hannu.

Kafin azahar ƙashi ya fara fitowa a rariya. Ustaz Ra'ad, wakilin gwamnati a wurin aikin, ya tsayar da diga, ya ce daga nan sai buroshi da cokali.

Daktora Sundus, likitar ƙashin, 'yar Bagadaza ce, ba ta da yawan magana. Ta kwashe kwanaki a ɗakin aiki tana jera abin da aka samu a kan teburi. Da ta kira Lafta, tire biyu ya tarar maimakon ɗaya.

Ta ce, "Zauna, Abu Nawras. Mutum biyu ne."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Ɓarayin sun haƙa ta cikin matoyar har suka fasa daɓen da ke ƙarƙashinta, daɓen kwalta na wani tsohon ɗakin aiki. A ƙarƙashin daɓen akwai kabari, don mutanen wancan zamani a inda suke aiki suke binne nasu. Ɓarayin suka watso mutum biyun waje, daga baya ƙasar wani ramin ta sake rufe su. Duka maza ne, duka sun haura arba'in, tsawonsu kusan ɗaya. Ƙoƙon kai duka biyun sun farfashe. Ta raba su ne da launi da ƙarfi. Na tiren dama baƙi-baƙi ne, da ƙarfinsa, kamar tsohon icce. Na tiren hagu fari ne fat, yana marmashewa in an taɓa.

Lafta ya ce, "An naɗe shi a tabarmar kara."

"Su ma a tabarmar kara suke naɗewa."

"Mun lanƙwasa masa gwiwa."

"Su ma."

Lafta ya dubi tiren biyu. Can ya ce, "Haƙoransa na ƙasa, na gaba. Akwai gurbi. Da haƙori yake jan igiya in hannunsa na cikin kwalta. Muna yara muna sa tsinke a wurin yana kama mana hannu."

Daktora ta juya wurin teburin. Ta ɗauko muƙamuƙin tiren dama ta ajiye a gabansa, ta ɗauko na hagu a kan auduga ta ajiye kusa da shi, ta matso da fitila. Gurbin yana nan a duka biyun, a wuri ɗaya, na baƙin ya ɗan fi zurfi.

Ta ce, "Sana'arsu ɗaya."

Lafta ya daɗe yana kallo. Ya yi tsammanin in ya ga mahaifinsa jikinsa zai gaya masa. Jikinsa bai ce komai ba.

"Ke wanne kika gani?"

"Da ido, farin. Mahaifinka a sama yake, inda gishiri yake, ruwa ya jiƙa rana ta busar. Shekara talatin ta isa ta mai da ƙashi haka. Baƙin kwalta ce ta rufe shi, ita ta adana shi."

"Kin tabbata?"

"In ka ce in rantse, ba zan rantse ba. Sun yi shekara ashirin a cakuɗe cikin ƙasa ɗaya, ga gutsattsarin kwalta ko'ina. Na taɓa ganin sabon ƙashi ya yi baƙi. Amma akwai gwajin ƙwayoyin halitta. Na cire haƙori ɗaya daga kowanne, ka ba ni miyau, a aika waje. Wata huɗu ko biyar."

"Uwata ba ta da wata huɗu."

"Na sani."

Ya fita ya sami Ustaz Ra'ad a ƙarƙashin rumfa yana shan shayi, Mozan na tsugune a gefe.

"Ustaz, ka ba ni duka biyun. Najaf ba ta cika ba."

Ra'ad ya ajiye kofin. Mutumin Shatra ne, ya san Jasib da suna. "Abu Nawras, ɗaya naka ne, ɗaya na gwamnati. Gawar Musulmi doka ta ce a ba danginta. Kayan tarihi kuwa, ko tsingaro ya fita daga nan ba izini, ni zan kwana a Nasiriyya a ɗakin da ba na so. Ɗaya zan ba ka."

Mozan ya ce, "Kuma wancan bawan Allah ka kai shi Najaf, a tashe shi tambaya, da wane yare zai amsa?"

Ba wanda ya yi dariya. Mozan ya mai da ido kan shayinsa.

Ra'ad ya ce, "Ka jira gwajin."

"Ka zo ka gaya mata da bakinka."

Ra'ad ya shafa gemu. Ya ce to, hanya ɗaya ta rage. Tun da likita ba ta yanke ba, dangi su nuna nasu, kamar yadda ake yi da kowace gawa. Wanda suka nuna shi za a ba su.

Lafta ya yi niyyar shiga ya nuna farin, ya naɗe shi da kansa, ya kai wa mahaifiyarsa likkafani a ɗaure. Amma ma'aikatan tudun duk 'yan ƙauye ɗaya ne, kuma kowannensu yana da mata. Washegari da safe, kafin ya gama magana da Ra'ad, motar ɗaukar kaya ta shehin ƙauyen, wato mai garinsu, ta tsaya a ƙofar gidan aikin. Hashmiya na baya a kan katifa, jikokinta biyu na riƙe da ita.

Ya je ya kama ƙarfen motar. "Yumma, wa ya ce ki fito?"

"An ce an sami ubanka tare da baƙo, kai kuma ka kasa gane shi. Sauke ni."

Aka shigar da ita a kan kujera. Ɗakin ya cika: Ra'ad, shehin, Baturen yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, Daktora a gefen teburi. Hashmiya ta fito da hannunta daga cikin baƙin mayafi. Ba ta nemi a matso da fitila ba, ba ta da abin yi da ita.

Aka fara kai hannun tiren hagu. Ta lalubo farin muƙamuƙin, ta bi shi da yatsa. Gefensa ya marmashe, gari ya maƙale mata. Ta murza garin tsakanin yatsu biyu, ta goge a mayafinta.

Ta ce, "Allah ya ji ƙan wannan, ko wane ne. Ƙasa ta gama da shi. Wannan ba wanda ya ba da amanarsa."

Daktora ta buɗe baki. Ta dubi Lafta. Lafta yana kallon farin garin da ya rage a kan mayafin.

Aka kai hannun tiren dama. Hashmiya ta ɗauki baƙin muƙamuƙin da hannu biyu, ta auna nauyinsa, ta kai shi hanci. Ta daɗe a haka.

"Kwalta," ta ce. "Shekara ashirin ina wanke wannan warin daga rigarsa, bai taɓa fita ba." Babban yatsanta ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa gurbin, ya tsaya. "To. Ga ka nan. Na gaya maka ka daina jan igiya da baki, ka ƙi ji." Ta juya inda take jin numfashin ɗanta. "Ka ga yadda ta riƙe shi? Ƙarfinsa na nan. Ban gaya maka ba? Lafta, da kai nake."

Ra'ad na kallon rufi. Lafta ya dubi tiren hagu. Ya san in ya nuna ɗaya tiren, ba gawa kawai zai canja mata ba. Zai gaya mata cewa garin da ta goge a mayafinta yanzun nan shi ne mijinta, kuma ƙasar da ta yi shekara talatin tana yabo ba ta jira kowa ba.

Ya ce, "Shi ne, Yumma."

"Da ma mana. Ka tsaya kana ta kallo kamar ba ɗansa ba."

Shehin ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Baturen ya sunkuyar da kai tare da su.

Daktora ta tare Lafta a bayan ɗakin, wurin tankin ruwa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abu Nawras, ka san abin da ka yi?"

"Kin ce ba za ki rantse ba."

"Na ce. Amma na gaya maka abin da na gani."

"Ita ma ta faɗi abin da ta gani. Ke kin san shi kwana huɗu, ita shekara ashirin."

"Kar ka yi mini wannan. Kai ma ba ka yarda ba, na ga fuskarka."

Ya buɗe famfon tankin ya wanke hannu, ko da yake ba abin da ya taɓa. "In gwajin ya fito ya ce baƙin ne, shi ke nan. In ya ce farin ne, lokacin ba ta nan. Ni zan ji, ba ita ba."

"Shi fa? Mahaifinka? Ya zauna a kan kantar ajiya da lamba a jikinsa?"

"Ya jira shekara talatin." Ya rufe famfon. "Ki riƙe mini shi da kyau, Daktora. Kar a sa shi ƙarƙashin kwanoni."

Daktora ta rubuta cewa ba ta amince ba, ta ba Ra'ad. Ra'ad ya karanta, ya tambaye ta ko za ta iya cewa tabbas. Ta ce a'a. Ya leƙa taga, motar shehin na nan a ƙofa. Ya sa hannu.

Ranar Alhamis suka tafi Najaf a ƙaramar bas, akwatin a kan rufi, an lulluɓe shi da bargo. Hashmiya ta ƙi kwanciya, ta zauna a kujerar gaba. A wurin wankan gawa mai wankan ya buɗe, ya duba, ya ce ya sha karɓar amana amma bai taɓa ganin wadda ƙasa ta riƙe haka ba. Hashmiya ta sa aka maimaita mata maganar. Aka zaga da akwatin babban hubbaren garin, aka yi salla, aka shiga makabarta ta cikin lunguna har filin danginsu. Wuri biyu ya rage a filin. Da aka gama ta kira mai haƙa kabarin.

"Ɗana, na gefen nan kar ka yi nisa da shebur ɗinka."

"Allah ya ƙara miki kwana, Hajiya."

"Kar ka roƙa mini abin da ban aike ka ba."

A hanyar dawowa suka tsaya a Samawa. Ta ce a sayo mata gasasshen kifi. Ta ci kusan rabi, da gurasa, ta sha shayi biyu. Matar Lafta ta yi ta kallonta tana share ido. Lafta ya ce ba ya jin yunwa.

Ranar Asabar ya koma aiki. Kafin ya ɗauki diga ya nemi mai gadi ya buɗe masa ɗakin ajiya. An sa farin ƙashin a akwatin roba mai murfi, a kantar ƙarfe ta sama, an rubuta lamba a gefe da baƙin alƙalami. A kantar ƙasa akwatunan narkakkun kwanoni ne da faifan kwalta. Daktora ta cika abin da ya roƙa.

Ya tsaya ya daidaita kansa da inda rana ke fitowa, ya juya akwatin kaɗan har gefen da muƙamuƙin yake ya fuskanci alƙibla. Sannan ya dubi ƙasa. Siminti ne. Duk da haka ya durƙusa ya dafa shi da tafin hannu, ya faɗi abin da ya ji kawunsa ya faɗa, iyakar abin da ya iya tunawa: wannan amana ce, za a dawo a karɓa. Kawun ya ambaci suna a wancan karon. Lafta ya zo wurin sunan ya tsaya, sai ya tsallake.

Mozan na jiransa a waje da baro. Ya dube shi, ya dubi ƙurar da ke gwiwarsa.

"An ce yau jan rami biyu za mu buɗe a kudu," ya ce.

"To mu je."

"Ba sallama yau?"

"Tura baronka."

Hashmiya ta rasu da hantsin wata Talata a cikin Disamba, kafin a rufe aikin bana. Aka kai ta Najaf a ranar, aka kwantar da ita a gefen kabarin da ke ɗauke da sunan Jasib Muhaisin. Da ita filin dangin ya cika. Wurin da ke ɗaya gefenta na wasu mutanen Basra ne, kuma sun riga sun gina shi.

Rahoton ƙarshen aikin ya ambaci matoya hamsin da ɗaya, ɗakunan dafa kwalta uku, da kabari ɗaya da ɓarayi suka lalata, wanda ba a tantance zamaninsa ba. Akwatin robar an mai da shi ma'ajiyar lardi tare da sauran kayan. Haƙoran biyu da miyau ɗin Lafta suna Bagadaza a cikin ambulan ɗaya. Har ranar da Daktora Sundus ta kira shi ta yi masa ta'aziyya, izinin fitar da su bai fito ba.